Baba da Jar Motar Hanyar Rogo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baba ya tafi da hantsin wata Talata, damina tana tsaka, aka sallace shi bayan azahar. Kafin mu dawo daga maƙabarta layinmu ya toshe. Tun daga bakin gareji har kwanar masallaci motoci ne da babura: direbobin tashar Karaye, masu tarakta daga Kwanyawa, masu injin ban ruwa na bakin dam, da danginmu Fulani daga Yammedi da suka jingina sandunansu da bango suka zauna can gefe. Wani tsohon direban tifa ya durƙusa yana kuka kamar yaro, yana cewa tun da ya san hannun wannan bawan Allah fitilarsa ba ta taɓa mutuwa a daji ba. Wani mai injin niƙa ya ture kwanon shinkafa, ya ce ba zai iya ci ba.

Ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa, ina kuma lura. Mutum zai shigo, ya ba ni hannu, ya ce, “Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa,” ya wuce. In ya isa wajen Auta, ƙanena, sai ya zauna, ya dafa kafaɗarsa, ya riƙe masa hannu ya ƙi saki. “Kai ne abin tausayi, Auta. Kai ne ɗan gaban goshinsa.” Ni ne ɗan fari. Ni na tsufa a gareji tare da mamacin, muna gyaran wutar mota. Auta kuwa direban bas ne, ko fis ya ƙone masa sai ya kira ni a waya. Amma shi ake yi wa ta’aziyya da hannu biyu. Kishi nake yi, a ranar da aka binne ubana, kuma ba ranar na fara ba.

Sannan duk wanda ya zauna sai ya jawo labarin jar motar nan. Wannan ya ce Baba shafa ta kawai ya yi ta tashi. Wancan ya ce ai sansana ta ya yi ya gane ciwonta. Wani da na tabbata ko wurin bai je ba ya rantse cewa a gabansa Baba ya tofa mata addu’a. Ni ina jin su, ina jan carbi da ƙarfi har yatsana ya yi zafi. Na san abin da ya faru da motar nan, domin hannuna ne ya shiga cikinta.

Kafin in zo kanta, sai na faɗi wane ne Baba a wurina. Bafulatani ne na gidi, kuma fulako ya yi masa katutu. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya wasa da shi, in da hali ma ba ya kallonsa a gaban mutane. Tun da aka yaye ni aka kai ni wajen mahaifiyarsa a Yammedi, can na tashi ina bin ’yan awakinta. Da na yi wayo aka dawo da ni Karaye, aka ajiye ni a gareji. Wata rana wani direba ya ga yadda nake naɗe waya, ya ce, “Malam, wannan ɗan wa ne? Yana da hannu.” Baba bai ɗago daga aikinsa ba ya ce, “Na mutanen Yammedi ne.” Direban ya tafi da tunanin yaron gida ne ni. Sunana a bakin Baba “kai” ne, in na yi nisa kuma “wancan.” Auta kuwa, da ya shigo gareji ko da ƙwallo a hannu, za ka ji an kira cikakken sunansa har da kirari, a ɓallo masa goro, a tambaye shi ko ya ci abinci. Na san al’ada ce, an sha gaya mini. Sanin bai taɓa rage mini komai ba. Abu ɗaya nake nema a wurin mutumin nan tun ina yaro har furfura ta fara fito mini: ya buɗe baki sau ɗaya ya nuna cewa ya san ni, ya san abin da na iya.

Shi kuwa aiki, Allah ya ba shi. Ba ya taɓa mota sai ya titsiye mai ita da tambaya, kamar alƙali. Ina ka kwana da ita? Wa ya wanke ta? Me ka ji kafin ta mutu? Yakan ce mota ba ta ƙarya, mai ita ne ke yi. Daga nan ya zura kai ya sansana, domin wayar da ta ƙone ba ta iya ɓoye warinta. Sannan ya fara daga batir, kullum daga batir, ko da mai motar yana rantsuwa jiya ya sayo sabo. “Wuta kamar zumunci ce,” in ji shi, “daga gida take farawa.” Kayan gwajinsa guda ne, wata testa da ya haɗa da kansa da ƙwan fitila da ƙusa da guntuwar waya, ta sha hannu har ta yi baƙi tana ƙyalli. A aljihun gaba take kwana, tare da goro.

Yana da faɗa. Ya taɓa korar wani ɗan kasuwa daga gareji saboda ya kira aikinmu “ɗaure-ɗaure,” suka yi shekara ba sa gaisawa, har sai da mutumin ya zo da kansa yana tura motarsa. Yana da tausayi kuma. Duk motar da aka ce marar lafiya za ta ɗauka zuwa asibiti, ko ta wane ce a kan layi sai ta jira. Na ga ya bar abinci a buɗe ya hau babur zuwa wani ƙauye don fitilar motar da za ta kai mai naƙuda.

To, jar motar. Shekaru kaɗan da suka wuce, ɗan wani Alhaji mai fataucin shanu daga Ruwan Bago ya dawo gida hutun Sallah da wata mota da ba a taɓa ganin irinta a ƙasar Rogo ba. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, ƙasa-ƙasa har kana tausayin cikinta a kan hanyarmu. In ya taka ta, ƙararta takan sa kaji su watse. Sabuwa fil, ledar kujera ma ba a gama cirewa ba. Samari suka bi ta da waya suna ɗauka, dattawa suna cewa Allah ya sa alheri da baki, idonsu kuwa yana faɗin wani abu dabam. Ni ma da na gan ta ta wuce gaban gareji sai da na haɗiyi yawu.

Ba a yi nisa da Sallah ba, wata safiya aka kira Baba a waya: motar ta mutu a hanyar Rogo zuwa Karaye. Auta ya ɗauke mu a bas ɗinsa. Muka same ta a tsakiyar hanya bayan wani rami mai ruwa, mutane sun kewaye ta kamar an kayar da sa. Mai ita yana tsaye, farar shaddarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce yana cikin tafiya ya faɗa ramin, sai komai ya ɗauke lokaci guda. Allon gabansa ya yi duhu, hon ba ya kuka, gilas ya ƙi sauka, giya ta kafe, da ƙyar ya samu ya fito. Wasu sun ce a tura, ba ta turuwa. Wasu sun samu sun buɗe bonet suna neman batir, babu batir. Daga nan magana ta sauya. Mai motar ya nuna wani saurayi da ke tsaye da babur, ɗan baffansa, ya ce, “Shi ne. Tun ranar da na shigo da ita yake zagaye ta yana shafawa. Wallahi asiri ya yi mini, kuma yau sai gidanmu ya san da haka.” Saurayin ya yi fari fat, yana rantsuwa ba mai saurarensa.

Baba ya yi tambayoyinsa, ya sansana, ya leƙa bonet. Ya fito da testa, ya tsaya da ita a hannu ba inda zai ɗora. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya mayar da ita aljihu, ya haɗa hannu a baya, ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, “Wannan ba ta zamanina ba ce. Kai, duba.”

Daɗi ya kama ni. Na sha karanta irin waɗannan motoci a waya, na san batirinsu a but yake, wato ma’ajiyar kaya ta baya. But ɗin kuma da wuta yake buɗewa, wutar ce babu. Na cire hula, na kutsa ta bayan kujera kamar mai shiga rumbu, na laluba har na kama ’yar igiyar da ake ja in an shiga irin wannan hali. But ya ɗaga, mutane suka ce “Kai!” Na yaye kafet, ga batir. Na ɗora mita, a cike yake taf. Wato wuta tana gida, fita ce ba ta yi. Na bi babbar waya da yatsa zuwa akwatin fis da ke gefensa, na ji danshi. Na buɗe murfin: ciki ya yi kore, kan wayar ya zagwanye, babban fis ya ƙone. Wani ruwa baƙi-baƙi ya kwanta a ƙasan wurin. Na tura hannu can lungu, bayan jak, na jawo wata ’yar gorar roba da aka ɗaure wa bakinta da zare da ƙaramar laya. Jak ya danne ta ta tsage. Na sansana, warin tawada ne. Na ɗan lasa, da gishiri a ciki. Rubutu ne. Wani ya ɓoye shi a nan don tsare motar daga bakin mutane, ya yi ta ɗiga kan akwatin yana cin ƙarfe, ramin nan ya ƙarasa aikin.

Na san ranata ce ta zo. Ga jama’a, ga Baba, ga abin a hannuna. Na buɗe baki zan ɗaga gorar sama, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Baba ne, ya sunkuyo cikin but ɗin kamar mai duba aiki, babbar rigarsa ta kare mu daga idon mutane. Ya kalli zaren, ya kalli layar. Ya ce, “Ɗaurin tsohuwa ne. Uwarsa ce.” Na ce, “Baba, ai sai a faɗa, ga wancan ana zarginsa.” Ya ce, “Shi zan wanke shi. Ita kuma, kana so yaron nan mai zafin kai ya je ya daka wa uwarsa tsawa a gaban mutanen gari? Sa a aljihu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.” Ya tura gorar cikin aljihuna da hannunsa.

Ya miƙe ya fuskanci jama’a. “Ruwa ne ya shiga akwatin wuta. Ba mutum ba ne, ba aljan ba ne. Alhaji ƙarami, zo ka gani da idonka.” Mai motar ya leƙa ya ga koren da danshin. “Wane irin ruwa, Baba?” Baba ya nuna masa ramin da sararin sama, ya ce, “Ka shigo da amarya ƙauye da damina kana tambayar ruwa? Je ka ba ɗan’uwanka haƙuri tukuna.” Ya je, yana sosa ƙeya. Jama’a suka ɗauki kabbara, wai Baba ya gano. Ba wanda ya tuna wa ya shiga ta bayan kujera.

A nan muka yi saɓanin da ba mu taɓa yi ba. Baba ya ce in ɗaura siririyar waya a madadin fis, kamar yadda muka saba yi wa tsofaffin motoci, ta kai gari. Raina a ɓace yake, na ce masa kai tsaye, “Ba a yi wa wannan haka. Ƙwaƙwalwarta za ta ƙone, kuma ba ni zan ɗaura ba.” Ban taɓa musa masa ba. Ya ɓalli goro, ya tauna. Sannan ya juya ya kira Auta da cikakken sunansa, ya ce ya tafi Kano ya nemo irin fis ɗin da “wancan” zai nuna masa. Muka nemo babbar mota aka ɗora jar aka kawo gareji. Ni na kankare akwatin, na busar, na yanke kan wayar na sa sabo. Washegari Auta ya dawo, na ɗora fis, na danna maɓalli. Allon ya haska, injin ya yi gurnani, kajin maƙwabta suka watse.

Mai motar ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ce, “Baba, sai an zaga gari da kai.” Baba da ko gaban bas ba ya son zama, ya naɗe riga ya shige. Ya leƙo ya ce, “A ba Auta ya ja, shi ne direba.” Kujera biyu ce da motar. Suka fita, Auta yana washe baki, Baba yana ɗaga wa mutane hannu, yara suna bin su da gudu har kasuwa. Ni ina tsaye a bakin gareji, hannuna duk baƙi, gorar tsohuwa tana jiƙa mini cinya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar na yi kishin da ban taɓa yi ba, na Auta, na Baba, har na kujerar da suka zauna. Da yamma Baba ya miƙo hannu ya ce, “Ba ni abin nan.” Na ba shi. Maganar ke nan, ba sannu, ba madalla.

Na haɗiye. Shekarun nan duk inda aka taru ana labarin, a tasha, a wajen ɗaurin aure, ina ji ina shiru. Sau da yawa maganar takan zo mini har leɓe, musamman in Auta yana ba da nasa, wai shi ya san daɗin sitiyarinta. Sai in tuna hannun nan a wuyan hannuna, in tashi in bar wurin.

Da ciwo ya kwantar da Baba bana, na yi ta sa rai. Mutum in ya ga tafiya ta matso yakan saki abin da ya riƙe. Ni ke juya shi, ni ke kai shi asibiti. Ya kira ’ya’yansa mata ɗaya bayan ɗaya da sunayensu ya sa musu albarka. Ya kira Auta, ya laluba aljihu, ya ciro testar nan ya damƙa masa. Testar da na yi rabin rayuwata ina kallo! Yanzu tana rataye a madubin bas, tana lilo tare da carbi, a hannun mutumin da bai san kanta da gindinta ba. Ni kuwa abin da na samu shi ne, “Kai, gyara mini matashi.”

Ran sadakar uku na shiga cikin gida gaida mata, sai na tarar da wata tsohuwa kusa da Innarmu tana share hawaye da bakin mayafi. Hajiya ce, mahaifiyar mai jar motar. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. “Ku bar ni in faɗa, yau ba kunya. Ni na kashe motar ɗana. Ni na sa masa rubutu a but, saboda na ga idon mutane a kanta. Bawan Allahn nan ya hau babur har Ruwan Bago, ya yi sallama da ni a zaure, ya miƙo mini gorata a cikin leda. Ya ce, ‘Hajiya, addu’arki ta isa, amma gaba ki riƙa ba shi yana sha. Rubutu na ciki ne, ba na but ba.’ Har ya koma ga Allah ɗana bai ji ba. Ku faɗa wa duniya, na yafe a faɗa.” Mata suka yi dariya cikin kuka. Izinin nan nata ne ya sa yau nake iya rubuta wannan. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira ta ce wani abu game da wanda ya zura hannu ya ciro gorar. Ta dube ni ta ce, “Kai ne babban? Allah ya ba ka haƙuri. Ubanku ya san mota.” Na ce amin.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa ba, na ranar rasuwar. Da rai ya yi halinsa, aka ɗora ruwa, aka kawo likkafani. Liman ya fara naɗe hannun riga, domin shi ya saba yi wa dattawan unguwa wanka. Sai Baffa, ƙanen Baba, ya tare ƙofar ɗakin ya ce, “Malam, a yi haƙuri, akwai wasiyya.” Ya ce Baba ya kira shi tun ciwon bai yi tsanani ba, ya ce masa, “In ta zo, kada a tara mini mutane. A bar wa wanda ya iya gani ya haɗiye.” Baffa ya ce ya tambaye shi wa yake nufi. Baba ya juya fuska bango ya ce, “Ka san shi. Na mutanen Yammedi. Na gwada shi.”

Kowa ya san ba a ba wa mutum wankan gawa sai amintacce, wanda zai ga abin da ba a gani ya tafi da shi kabarinsa. Baffa ya kama hannuna ya ja ni ciki, ya rufe ƙofa. Shi ya riƙa zuba ruwa, ni ina wankewa. Mutumin da bai taɓa yarda mu haɗa ido ba, ga shi ya bar mini kansa gaba ɗaya. Na wanke hannun nan da ya damƙe nawa a but ɗin mota, na bi tsakanin yatsun da baƙin mai bai taɓa barinsu ba. Ban yi kuka ba sai da na zo kansu.

Bayan addu’ar bakwai, da mutane suka ragu, Auta ya same ni a gareji ina share benci. Ya zauna, ya yi ta juya makullin bas a hannu. Can ya ce, “Yaya, me ya sa kai ya zaɓa? Ni ko leƙawa ba a bar ni na yi ba.” Na ɗago na dube shi, sai na ga abin da na daɗe ina ɗauke da shi zaune a fuskarsa, sabo fil. Ya ce, “Yaya fuskarsa take? Me ka gani? Don Allah gaya mini.”

Ina son ƙanena, Allah ya sani. Amma shi an ba shi suna, an ba shi kirari, an ba shi kujerar jar mota, an ba shi testa. Na ce, “Auta, yi masa addu’a.” Ya jira, na ci gaba da share benci.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka masa kabari kamar yadda ya haskaka wa mutane hanya, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na wasu. Har ya tafi bai kira sunana ba. Abin da ya bar mini kuwa, ko Auta ba zan ɗanɗana wa ba.